Kakatu a bayan gida: amsar tambayoyin da kuka ishe ni da su kan kallonsu da ɗaukar hotonsu

Tun da na fara ɗora hotunan fararen tsuntsayen nan masu tukku da ke sauka a bayan gidan da muke haya a Sidni, tambayoyi iri ɗaya ne suke ta dawowa, wasu daga ƴan'uwa sabbin zuwa Ostiraliya da ihun asuba ya firgita, wasu kuma daga mutanen gida da ke ganin hoto kawai suna cewa a kawo musu tsaraba. Na gaji da maimaita amsa a WhatsApp, shi ya sa na tattara su wuri ɗaya.

Wai wane tsuntsu ne wannan, aku ne?

Dangin aku ne, amma ba akun da muka sani mai ruwan toka da jar wutsiya ba. Sunansa kakatu, kalmar daga yaren Malay ta samo asali, mutanen nan kuma a baki sai su ce koki. Jinsinsu 21 ne a duniya, 14 daga ciki akwai su a Ostiraliya, sauran suna Indunusiya, Niyu Gini, Filifin da tsibiran Solomon. Abin da ya raba su da sauran aku shi ne tukkun da ke kansu wanda suke iya ɗagawa su kwantar yadda suka ga dama, sannan ba za ka ga kore shar a jikinsu irin na tsirya ba, launinsu fari ne ko baƙi ko toka da ruwan hoda.

Wanda kuka fi gani a hotunana shi ne babban farin mai tukku ruwan ɗorawa, tsawonsa wajen rabin mita, nauyinsa bai cika kilo ɗaya ba amma ya kusa. Wani abu da ya ba ni mamaki: a ɗakin karatu na Batikan akwai wani littafin farauta da shaho na Sarki Frederick na biyu na Sisili, na ƙarni na 13, da zanen farin kakatu har guda huɗu a ciki, kuma tsuntsun kyauta ce daga Sarkin Masar al-Kamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddin Ayyubi. Kenan fatake sun kai shi Alƙahira tun shekaru ɗaruruwa kafin Turawa su taka Ostiraliya.

Na wani ne suka tsere daga keji, ko kuwa na daji ne?

Na daji ne wallahi, babu mai su. Hajiyata ma haka ta tambaye ni ranar da muke bidiyo kol ɗaya ya sauka a kan igiyar shanya, ta ce "Kai ɗan nan, maza ka nemi mai shi ka mayar masa, kar a ce ka riƙe kayan mutane." Da ƙyar na gamsar da ita cewa a nan kamar hankaka suke ko tattabarun masallaci. Suna kwana a manyan bishiyoyin turare, irin dai wanda ake shukawa a gefen titi a Arewa (asalinsa ma daga nan ne), suna kuma yin ƙwai a kogon tsofaffin bishiyoyin, kuma kogon da zai ɗauki kakatu sai bishiya ta haura shekara 100 kafin ta yi shi. Shi ya sa unguwar da ke kusa da tsohon kurmi ta fi samun su.

Iri nawa ne za su iya zuwa bayan gidana, kuma yaya zan bambance su?

Ya danganta da garin da kake. A Sidni, Melbon, Birisben da Kanbera babban farin nan shi ne sarkin unguwa. Bayansa sai gala, mai ƙirji ruwan hoda da baya ruwan toka, ya fi ƙanƙanta, kullum yana ƙasa yana tsince-tsince a ciyawa, kuma idan Bature ɗan nan ya kira ka gala to wawa ya ce maka, kar ka yi murmushi. Sai korela iri biyu da za ka fi gani a gabashi, su ma farare ne amma tukkunsu gajere ne da wata fata mai shuɗi-shuɗi zagaye da ido. Mai dogon bakin yana da jan zane a maƙogwaro sai ka ce an fara yanka shi aka fasa.

Baƙaƙen su ne na masu rabo. Mai wutsiya ruwan ɗorawa yana shigowa unguwanni musamman lokacin sanyi, yana tashi a hankali kamar ba ya so, kukansa dogo mai ban tausayi. A Perth kuma akwai baƙin Carnaby mai farar wutsiya wanda yake cikin haɗarin ƙarewa. Idan kana Kanbera ka saurari wani kuka kamar ƙofar da ta shekara ba a sa mata mai ba, wannan gan-gan ne, namijin kansa ja zur, shi ne tsuntsun tambarin yankin babban birnin, kuma a 2022 aka sa shi cikin jerin masu fuskantar ƙarewa bayan gobarar dajin 2019 zuwa 2020. Ɗaukar hoton baƙaƙen nan yana da tasa dabarar, duba tambayar da na ware musu a ƙasa.

Wane lokaci suke zuwa?

Safe da yamma. Gari na wayewa suke barin wurin kwana da ihu, in ka idar da sallar asuba ka ce bari ka ɗan koma to ka yi sauri. Su yi kiwo har hantsi, rana ta yi zafi su shige inuwa suna tsinke ganye da ɓawon bishiya don kawai wasa, bayan la'asar su sake saukowa, dab da magariba kuma a yi ihun komawa gida wanda ya fi na safe. Ka tuna lokutan nan a juye suke, Yuni zuwa Agusta ne sanyi, kuma a lokacin ne na fi ganin manyan garke a filayen ƙwallo. Daga Agusta zuwa Janairu lokacin ƙwai ne a kudancin ƙasar, sai ka ga sun fi yawo bibbiyu.

Me suke ci in babu wanda ya ba su?

Komai da ke da ƙwaya a ciki. Irin ciyawa, saiwoyi, ƴaƴan itatuwa, tsutsa. Waɗanda kake gani suna tonon ciyawar gida da baki wata ƙaramar albasar daji suke haƙowa, korela mai dogon baki shi ne gwanin wannan aikin. Lemun tsami da lemun zaƙi ba ruwan suke so ba, sai su fasa su cire ƴaƴan cikin su yar da sauran, ka fito da safe ka tarar da ƙasan bishiya kamar an yi biki. Baƙin mai wutsiya ruwan ɗorawa kuwa yana son ƙwallayen bishiyar banksiya da hakiya da fayin, yana kuma tsage reshe ya zaro tsutsar da ke cin itacen daga ciki. Akwai wani baƙin mai jar wutsiya da kusan ba ya cin komai sai irin bishiyar kasuwarina, in babu ita a unguwarku ba za ka taɓa ganinsa ba.

Ka lura da ƙafar da suke riƙe abinci da ita. Yawancinsu bahagwai ne, su tsaya da dama su kai baki da hagu. Yarana har yau suna tsaye a taga suna jiran ganin wanda zai ci da dama don su ce wannan ya samu tarbiyya. Manoman alkama da na almon dai ba sa ganin abin dariya a nan, kallon da manomin gero yake yi wa jan-baki shi suke yi musu.

To in ba su abinci mana, ai sadaka ce?

Wannan ita ce tambayar da muka fi yin musu a kanta, kuma ni ma da wannan niyyar na fara. A gida ka watsa wa tsuntsaye tsaba ba wanda zai ce maka don me. Na sayo buhun irin sanfulawa na fara zubawa a baranda, ranar farko biyu suka zo, cikin sati biyu sun haura ashirin, kafin wata ya cika sun san ƙarar ƙofar kicin ɗinmu, in na makara sai su zo su tsaya a taga suna ƙwanƙwasa gilashi da baki. Abin da ya biyo baya yana cikin tambayar katako. Sanfulawa mai ne zalla, tsuntsun da ya dogara da shi yana yin ƙiba ya samu ciwon hanta, sannan tara su a kwano ɗaya shi ne hanya mafi sauƙi ta yaɗa cutar da na yi bayani a tambayar mai zubewar gashi.

Uwargida ce ta tuna min cewa hadisin da nake kafa hujja da shi maganar shuka yake yi: wanda ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ta ci, sadaka ce gare shi. Tun daga nan na koma ajiye ruwa mai tsabta a faffaɗan kasko, na kuma dasa banksiya biyu a manyan tukwane tunda gidan haya ne. Zuwansu ya ragu ƙwarai, amma masu zuwan suna yin abin da tsuntsun daji yake yi, hotunan da na fi so duk daga wannan lokacin ne. Hukumomin kula da namun daji na jihohi ma shawararsu kenan, kar a ciyar. A jihar Yammacin Ostiraliya doka ce ma ta hana sai da izini, kuma a ko'ina idan bene kake na haɗaka to ka karanta dokokin ginin, da yawa sun hana.

Na ji, amma dai sai na ba su. Me zan kiyaye?

To tunda ka ƙi ji. Kaɗan, ba kullum ba, ba kuma a lokaci ɗaya ba don kar su sa maka agogo. Ka kwashe abin da ya rage bayan ɗan lokaci, ka wanke kwanon kullum da sabulu ka shanya a rana, in ba haka ba ɓeraye za su gode maka da dare. Burodi, biskit, cincin, ragowar shinkafa da miya, soyayyen dankali, duk wani abu mai gishiri ko suga, babu. Fiya da cakulan guba ne gare su, waɗannan biyun ko da wasa kar yara su miƙa. Kuma ka ajiye nesa da duk wani katako na gidan, nesa da katangar maƙwabci.

Da gaske suna cin katakon gida?

Ba ci suke ba, tauna suke su zubar. Bakinsu yana girma har abada kamar farce, dole su riƙa goga shi, ga kuma zaman banza tunda ka ɗauke musu wahalar neman abinci. Mun yi tafiyar kwana huɗu Melbon, ba wanda ya zuba musu komai, muka dawo muka tarar sun feƙe katakon baranda kamar an sa wa kafinta kwangilar lalatawa, har robar gefen taga sun zare. Ejan ɗin gidan ya zo ya ɗau hotuna bai ce uffan ba, a ƙarshen shekara aka zaftare kuɗin ajiyar da muka bayar lokacin kama haya. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Abin da ya fi ɓata min rai ma shi ne dattijuwar da ke maƙwabtaka da mu, wadda ba ta taɓa ba su ko ƙwaya ba, ita ma sun taɓa mata firam ɗin taga, sai da na je har ƙofa na ba ta haƙuri.

Sun fi son katako mai laushi irin sida da fayin. Kuma ba gidaje kaɗai ba, a 2017 kamfanin NBN mai shimfiɗa intanet na ƙasar ya ce kakatu sun tauna masa wayoyi na kusan dalar Ostiraliya 80,000.

Wai har kwandon shara suke buɗewa?

Suna buɗewa, an ma yi bincike a kai. Barbara Klump da Lucy Aplin, waɗanda a lokacin suke cibiyar bincike ta Max Planck ta Jamus, tare da John Martin da Richard Major a nan Sidni, sun wallafa a mujallar Science a 2021 cewa kafin 2018 a unguwanni 3 kawai aka san da wannan ɗabi'a, zuwa ƙarshen 2019 ta kai unguwanni 44, kuma ta bazu ne daga unguwa zuwa ta kusa da ita, wato koyo suke a wurin juna. Tsuntsun zai ɗaga murfin da baki, ya riƙe, ya taka gefen kwandon a hankali har ya tura murfin ya faɗa baya. Kusan ɗaya cikin goma ne suka iya, yawanci maza, sauran su tsaya a gefe suna jiran a buɗe a ci da su. Kuma kwandon da murfinsa ja ne suke nufa, na sharar abinci.

Mutane suka fara ɗora bulo, tsuntsayen suka koyi ture bulon, aka koma macijin roba, aka koma cusa tsohon takalmi a mahaɗar murfin, aka koma ɗaure gorar ruwa a sama. A 2025 kuma aka sake wallafa cewa wasu a yammacin Sidni sun koyi murɗa famfon shan ruwa na filin wasa da ƙafa suna danna shi da nauyin jikinsu, har layi suke bi. In kana son bidiyon da zai sa mutanen gida su yarda, ka fito da sassafe ranar kwasar shara.

Da waya kawai zan iya samun hoto mai kyau?

Sosai ma, domin waɗannan ba irin tsuntsayen da ke gudun mutum ba ne. Sirrin shi ne kar ka ja zum da yatsa har hoton ya dagule, ka tsaya a zum ɗin da wayar take da gilashinsa na gaske, sau biyu ko uku, sauran ka bar tsuntsun ya matso da kansa. Ka goge gilashin wayar da gefen riga tukuna, rabin hotunan da ake turo min hazon da ke cikinsu maiƙon hannu ne. Ka tsuguna ko ka zauna a ƙasa kyamara ta yi daidai da idonsa, hoton da aka ɗauka daga tsaye ana kallon ƙasa kamar na kaza a tsakar gida yake fitowa. In ta taga kake ɗauka ka manna wayar a jikin gilashin ka kashe fitilar ɗakin.

Mai babbar kyamara kuma, gilashi mai milimita 200 zuwa 300 ya isa bayan gida. Ka sa saitin ya kama ido, in ido ya fito tar sauran duk mai sauƙi ne.

Me ya sa farin yake fitowa fau kamar takarda, ba a ganin gashin?

Wannan ita ce matsalar kowa. Kyamara tana auna hasken hoton gaba ɗaya, ta ga ganye mai duhu ya cika baya sai ta ƙara haske, farin tsuntsun ya ƙone, kuma abin da ya ƙone babu manhajar da za ta dawo da shi. A waya ka taɓa jikin tsuntsun a allo, alamar rana ta fito, ka ja ta ƙasa har sai ka fara ganin layin gashin fiffike. A kyamara ka rage haske da kashi biyu cikin uku na mataki ko mataki ɗaya cur, ka kunna alamar nan mai ƙiftawa a wurin da ya ƙone. Gara hoton ya ɗan yi duhu ka gyara daga baya.

Rana tsaka kuwa ka haƙura kawai, ranar ƙasar nan tana da kaifi. Awa ɗaya bayan fitowar rana da awa ɗaya kafin faɗuwarta su ne lokacin, kuma dama a lokacin suke zuwa kamar yadda na faɗa a sama. Ranar da gari ya yi lumshi ita ce ta fi kowace, a ranar ne za ka ga ashe ƙarƙashin fiffikensu da wutsiyarsu akwai ruwan ɗorawa mai haske wanda da rana ba ya fitowa.

Yaya zan kama shi da tukku a tsaye, ko yana cikin tashi?

Tukkun yana miƙewa ne daidai lokacin da ya dira, ko in wani ya matso masa abinci, ko ya ji abin da bai gane ba. Daƙiƙa ɗaya ko biyu ne ya kwantar. Don haka kar ka bi tsuntsun da kyamara, ka gano reshe ko bakin katangar da suka saba dira, ka saita a can ka jira, yana shigowa ka danne maɓallin ɗaukar hotuna a jere. Na tashi yana son saurin kyamara 1/1600 ko 1/2000 na daƙiƙa, na zaune yana ci 1/500 ya isa. Kar ka tafa ko ka jefa wani abu don ya ɗaga tukku, wannan tsoratarwa ce, kuma in garke na ƙasa yana kiwo akwai masu gadi a saman bishiya, ɗaya ya yi ƙara duk sun tashi ka rasa gaba ɗaya. Saboda wannan gadin ne a da ƴan cacar ɓoye na ƙasar nan suke kiran yaron da ke duba musu zuwan ƴan sanda kakatu.

In ruwan sama ya sauko bayan kwanakin zafi, ka bar duk abin da kake yi ka fito. Sai su rataye da ƙafa kai a ƙasa a jikin reshe ko wayar lantarki, fuka-fukai a buɗe, suna ihu suna wanka. Hoton da Hajiya ta sa aka wanko mata kenan.

Baƙaƙen fa? Nawa duk inuwa kawai suke fitowa.

Akasin na farin za ka yi. Suna saman bishiya, sama mai haske tana bayansu, kyamara sai ta rage haske su zama kamar gawayi. Ka ƙara haske mataki ɗaya ko fiye, ko ka zagaya har ganye ya zama shi ne a bayansu, rana kuma a bayanka. Kunne ne yake nemo su kafin ido: in ka ji ƙas-ƙas a saman fayin ana ta jefo ɓawo ƙasa, su ne. Sun fi fararen kunya, ka tsaya nesa, kuma ka matsar da mota daga ƙarƙashin bishiyar.

Suna cizo? Yara za su iya ba su a hannu?

Bakin da yake tsage katako ba zai ji wuyar yatsa ba. Yawanci ba da mugunta ba ne, ɗanɗanawa yake ya ji mene ne, amma jini zai fita. Ni ban yarda yara su miƙa hannu ba, ban kuma yarda a bar su su sauka a kafaɗa ba duk da hoton yana kyau a Instagram, kunne da ido suna kusa. Ku zauna shiru mita uku ko huɗu, su da kansu za su rage tazarar. Filasha kuma a kashe.

Na ga wani gashinsa duk ya zube, bakinsa ya yi tsawo ya karkace. Me ke damunsa?

Wannan cutar baki da gashi ce ta dangin aku, ƙwayar bairos ce ke kawo ta kuma ba ta da magani. Alamar farko ita ce tsuntsun ya yi datti-datti bakinsa ya yi baƙi yana sheƙi, domin lafiyayyen kakatu yana da wata farar hoda a gashinsa da take sa bakin ya yi toka-toka. Daga nan tukku ya zube, jiki ya yi sanƙo. Tana yaɗuwa ta ƙurar gashi da kashi, shi ya sa na matsa a kan maganar kwano a tambayar sadaka. In ka gan shi a gidanka ka ɗauke kaskon ruwa da duk wani kwano na wasu makonni, ka wanke da bilic. In ya kasa tashi ka kira masu ceton namun daji, WIRES a jihar da Sidni take, Wildlife Victoria a ta Melbon, ko ka lulluɓe shi da babban tawul ka sa a kwali ka kai likitan dabbobi.

Wannan cutar ba ta kama mutum, amma akwai wata da ake ɗauka daga shaƙar busasshen kashinsu, tana zuwa kamar mura mai zafi har ta taɓa huhu. Kafin ka share baranda ka jiƙa wurin da ruwa, ka sa takunkumi da safar hannu, in kuma zazzaɓi ya kama ka bayan haka ka gaya wa likita kana mu'amala da tsuntsaye.

Yaya ake gane mace da namiji, kuma shekara nawa suke yi?

Ido za ka duba a rana mai kyau, a nan zum ɗin hoto yake da amfani. A babban farin, namiji idonsa kusan baƙi ne, na macen yana da ja-ja. A gala abin ya fi fitowa, macen idonta ruwan hoda ne. Shekaru kuwa, a daji ana ƙiyasta 20 zuwa 40, a hannun mutane suna kai 70. Wani kakatu mai ruwan hoda da ake kira Cookie ya mutu a gidan zu na Brookfield kusa da Chicago a 2016 yana da shekara 83. Wanda ke zuwa barandarka zai iya girme wa ɗanka na fari.

Don Allah in za ka dawo gida ka taho min da guda ɗaya, ko ƙwai ne.

Yaya, Kawu, abokina, duk wanda ya turo wannan: a'a. Doka ta kare su, kama na daji ba da lasisi ba laifi ne, fitar da tsuntsayen ƙasar da rai don kasuwanci haramun ne a dokarsu, fasa-ƙwaurin ƙwai kuma ɗauri ake yi a kai. Mu da muka ga yadda kamun aku ya kusa ƙarar da shi a dazukan Afirka, har a 2016 taron CITES (yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji) na Johannesburg ya hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe, bai kamata mu nemi wani ba. Kuma ko an ba ka kyauta, tsuntsun da zai yi ihu tun asuba ya tauna maka ƙofa shekara hamsin, ranar farko maƙwabta za su kai ka wurin mai unguwa.

Na ga wani da lamba a fiffike, na gaya wa wa?

Waɗannan na masu bincike ne, faifai ruwan ɗorawa mai lamba da aka fara sa wa kakatun lambun Royal Botanic na Sidni wajen 2011 don a san inda suke yawo. Ka ɗauki hoton da lambar ta fito ka tura ta manhajar Big City Birds tare da wurin da abin da yake yi. Sannan duk watan Oktoba BirdLife Australia tana yin ƙidayar tsuntsaye ta mako guda, minti 20 kawai za ka zauna a bayan gida ka shigar da abin da ka gani a waya, yara suna jin daɗinta.

Na riga na saba musu, ga lemuna na suna ƙarewa. Yaya zan yi su rabu da ni?

Ka daina bayarwa gaba ɗaya, kar ka ce za ka rage a hankali, ba za su mutu da yunwa ba, duba jerin abin da suke ci a sama. Makon farko zuwa na biyu shi ne mai wuya, za su zo su yi zanga-zanga, a lokacin ne katako yake shan wahala, don haka ka rufe shi da ragar ƙarfe ko ka kasance a gida da robar fesa ruwa. Mujiyar roba da faifan CD da ake ratayawa kwana biyu suke aiki, na uku za ka tarar da ɗaya zaune a kan mujiyar. Kuma ka yi wa maƙwabta magana, in wani a layin yana ci gaba da zubawa aikinka ya zama na banza.

Bishiyar lemo kuma raga za ka sa, amma mai ƙananan ido wadda yatsanka ba zai shige ba, mai manyan ido tana shaƙe tsuntsaye da jemagu. A jihar Biktoriya tun Satumban 2021 doka ta ce idon ragar gida kar ya wuce milimita 5. Ka ɗaure ta tam a gindin bishiyar, ko ka sa wa ƴaƴan da kake so jakar raga ɗaya-ɗaya. Ni reshen sama na bar musu tunda dama tsani na ba ya kaiwa, kuma daga tagar kicin nan ne hasken yamma yake faɗowa daidai.